Waiwaye: Yadda awon ayyukan haɗin gwiwa ya bar gona ya koma takarda

Muhawarar da ake yi a Samaru da ke Zariya kan ko ayyukan haɗin gwiwar fasaha tsakanin ƙasashen yankinmu suna tsinana wa manomi wani abu ba yau ta faro ba. Tashar binciken noma ta Samaru tana nan tun 1922, ta koma ƙarƙashin Jami'ar Ahmadu Bello a 1962. Bayan kafa ECOWAS a 1975 da shirin SAFGRAD na binciken hatsi a yankunan Afirka masu ƙarancin ruwan sama a 1977, iri da masana suka riƙa ƙetare iyaka.

Abin da ba a cika tunawa ba shi ne binciken da aka yi a ƙauyukan Ɗan Mahawayi, Doka da Hanwa na ƙasar Zariya cikin shekarun 1960. Ma'aikata suna zuwa gidan manomi sau biyu a mako, shekara guda cur, suna rubuta wa ya je gona, awa nawa ya yi, me aka girbe. A nan aka gane cewa haɗa gero da dawa da wake a gona ɗaya ba duhun kai ba ne. Ya fi biyan wahala a watannin Yuni da Yuli, lokacin da noma ke cin ƙarfin gandu, kuma idan damina ta gaza ba a tashi a tutar babu.

Wannan irin bibiya tana cin kuɗi da lokaci, sai aka karkata ga jadawalin da ake cikewa ranar rufe aiki: mutum nawa aka horar, buhu nawa aka raba. A ganinmu nan gizo ke saƙar. Masu tantancewa sukan iso da rani, gona ba komai sai kara, su tambayi manomi buhu nawa ya samu. Alhali buhun Zariya da na Maraɗi ba nauyinsu ɗaya ba, tiya ma haka. A haɗa alƙaluman ƙasashe a fitar da matsakaici, gonar da wuta-wuta ta cinye ta ɓace a ciki.

Awo na gaskiya yana farawa kafin shuka ta farko: a yanki fili mita 5 sau 5, a girbe, a shanya, a ɗora a sikeli, a yi haka a gonar maƙwabcin da bai karɓi irin da aka raba ba. Sannan a dawo bayan damina biyu ko uku a duba ko manomi ya ajiye irin ya sake shukawa da kuɗinsa. Kasafin yawancin ayyuka yana ƙarewa kafin wannan komawar.