Me ake nufi da "gem ɗin adbenca", kuma wa ya ce kasada ce?

Kwanan nan duk inda ka juya sai ka ji "adbenca". Masu tura gem a waya sun ware masa jaka guda, samari a TikTok suna ta jera "manyan gem ɗin adbenca", har a wani shirin fasaha na rediyo na ji an fassara shi da "wasan kasada", aka kawo misali da GTA da God of War. Wato duk wasan da ake gudu da tsalle da sare-sare ya shiga. Fassarar ba ƙarya ba ce, ƙamus ma abin da zai ba ka ke nan. Sai dai a harkar wasannin kwamfuta ba daga ƙamus sunan ya fito ba, kuma wannan cakuɗawar ce take ci mini tuwo a ƙwarya.

Asalinsa sunan wasa ɗaya ne tak. Wajen 1976 wani Ba'amurke masanin kwamfuta, Will Crowther, wanda yana cikin waɗanda suka yi aikin ARPANET, kakar intanet, ya rubuta wa 'ya'yansa mata wasa. Da ma shi mai sha'awar shiga kogo ne, har ya yi aikin zana taswirar kogon Mammoth da ke jihar Kentucky, sai ya kwashe kogon ya zuba a kwamfuta. Babu hoto ko ɗaya. Kwamfuta za ta rubuta maka inda kake tsaye, kai kuma ka ba ta umarni da kalma ɗaya ko biyu: ɗauki fitila, nufi arewa. A 1977 Don Woods na jami'ar Stanford ya faɗaɗa shi. Sunan wasan Adventure. Duk wanda ya biyo sawunsa sai aka riƙa kiransa da wannan suna, kamar dai yadda kowane garin wanki ya zama Omo a bakinmu.

A cikin kogon nan akwai wani ƙaton dodo kwance a kan darduma, ya tare hanya. Ka jefe shi da gatari, ko gezau. In ka rubuta "kashe dodo", kwamfuta ta ce maka: "Da me? Da hannunka kawai?" Kowa ya ɗauka gatse ne, domin amsar da take bayarwa ke nan in ka ce za ka kashe wadannin da ke yawo a kogon. Sai mutum ya koma neman makami lungu-lungu. Ashe abin da ake so ka rubuta shi ne "eh". Kana rubutawa ta taya ka murna cewa ka kashe dodo da hannu, har ta ƙara da cewa ita ma abin ya ba ta mamaki. To adbenca ke nan. Ba saurin yatsa ake gwadawa ba, zance ne tsakaninka da wanda ya rubuta wasan, yana ɓoye yana maka dariya. Shi ya sa barkwanci ya zauna daram a wannan gida tun farko: mai wasa zai gwada shirme iri-iri, zai ce a ci fitila ko a gai da ƙofa, dole marubuci ya tanadi amsa, kuma amsar shirme ba ta yin daɗi sai da ba'a.

Inda aka rabu shi ne wa ake yi wa dariyar. Kamfanin Sierra na Ken da Roberta Williams, masu King's Quest na 1984, kai suke yi wa. Ka goce kaɗan daga hanya ka faɗa rami, sai a fito maka da sanarwar mutuwarka haɗe da habaici. Wasansu Space Quest na 1986 ya mayar da abin sana'a: jaruminsa Roger Wilco mai shara ne a jirgin sama jannati, ya tsira daga harin abokan gaba ne kawai saboda barci ya kwashe shi a ɗakin tsintsiya, kuma mace-macensa su ne rabin daɗin wasan. Amma muguntar ta wuce wasa a King's Quest V na 1990. Za ka sayi wani kek a gari, yunwa ta kama jarumin a kan dutse, in ka ci kek ɗin wasa zai bar ka ka ci gaba kamar ba komai. Sai can gaba dodon ƙanƙara ya taso, a lokacin za ka gane kek ɗin nan fuskarsa aka tanada ka maka wa. Ni dai ban ga abin dariya a nan ba, cin zali ne, ko da masoyan Sierra za su ce ai shi ne gishirin.

Kamfanin wasanni na LucasArts suka bi wata hanya. Mai tsara musu wasanni Ron Gilbert ya yi rubutu a 1989 yana sukar kashe mai wasa babu dalili, ya kuma cika maganarsa a The Secret of Monkey Island na 1990. Jarumin wasan, Guybrush Threepwood, saurayi ne mai son zama ɗan fashin teku, ba ƙarfi sai baki. Faɗan takobinsa ma da baƙar magana ake cin sa: abokin gaba ya ce faɗanka irin na mai tatsar shanu ne, kai kuma ka zaɓo amsar da ta dace, cewa ai ya yi daidai tunda shi faɗansa irin na saniya ne. Sai ka sha kashi sau da yawa kafin ka tara amsoshin. Har tsokanar Sierra suka yi: Guybrush ya rufto daga kan dutse, sanarwar mutuwa irin tasu ta fito, can sai ga shi ya dawo sama, wai a kan bishiyar roba ya faɗa. In kana son ganin gawarsa da gaske, sai ka bar shi ƙarƙashin ruwa ya wuce minti 10 da yake alfaharin yana iya riƙe numfashi.

GTA da ire-irensu suna da nasu suna mai haɗa faɗa da adbenca, wato "action-adventure", jama'a ne suka yar da rabin farko. Dalilin bai da wuyar gani. Bayan Grim Fandango na 1998 kasuwar irin waɗannan wasanni ta yi sanyi, wasannin harbi suka mamaye, LucasArts ta soke ci gaban wasanta na Sam & Max a 2004, shaguna kuwa suka bar sunan a kan kanta suna zuba duk abin da ke da labari a ƙarƙashinsa. Masu shi ba su ƙare ba dai. A 2012 Tim Schafer, wanda ya tsara Grim Fandango, ya nemi tallafi a Kickstarter, shafin tara gudummawar jama'a a intanet, don ya yi sabo irin na da, aka tara masa sama da dala miliyan 3, Gilbert kuma ya dawo da Return to Monkey Island a 2022.