Waiwaye: Yaushe hanyar unguwa ke zama ta hukuma a Damagaram?

Kowace damina ana maimaita gardama ɗaya a unguwannin bayan garin Damagaram. Ruwa ya zaizaye hanya, mutane su ce gyaranta na magajin gari ne, a ma'aikatarsa kuma a duba taswira a ce ba a san da ita ba. Gardamar tana da tarihi.

Kafin Faransawa su kama garin a 1899, lungunan Birni da hanyoyin ayarin da ke sauka Zongo ba su da takarda. Fada da masu unguwanni ke tsaron su, wanda katangarsa ta ci hanya a gaban dattawa ake sa shi ya ja baya. Nasara ne suka zo da tsarin dukiyar gwamnati wadda ba a sayarwa, ba a kuma mallake ta da daɗewar zama. Dokar 29 ga Satumba 1928 ta saka hanyoyi cikin wannan rukuni, shekara biyu bayan an ɗauke babban birnin Nijar daga Damagaram zuwa Yamai.

Bayan 'yancin kai a 1960 gwamnatin tsakiya ta gaji wannan iko. Har gobe manyan hanyoyi nata ne: RN1 da ta taso daga Yamai ta ratsa gari zuwa Diffa, da RN11 mai bi ta Tanut zuwa Agadas. A karkara ma dokar filaye ta 1993 da ta makiyaya ta 2010 sun mayar da burtali dukiyar al'umma, manomi ba shi da ikon nome shi.

Rikicin yana cikin gari. An yi zaɓen ƙananan hukumomi a 2004, sannan kundin dokokinsu na Satumba 2010 ya ɗora musu ginawa da gyaran titunan gari da magudanan ruwa, aka kuma raba Damagaram gunduma biyar. Sai dai hanya ba ta shiga hannun hukuma don kawai jama'a sun daɗe suna bin ta. Ƙofar shigarta ita ce lotisma: a auna fili, a kafa borni, wato alamun iyaka, a ware tituna a taswirar da ma'aikatar tsara birane ta amince da ita. Abin da aka ware ya zama na kowa.

Unguwanni da yawa kuwa ba haka suka tashi ba. Mai gona ya yayyanka gonarsa ya sayar, ya bar siririn lungu da amalanken jaki ke wucewa da ƙyar, motar asibiti kuwa sai dai ta tsaya a bakin titi a ɗauko mai naƙuda a tabarma. Mutanen nan suna biyan haraji kamar kowa, kuma ni a ganina rashin adalci ne a bar su tsakanin taswira da zaizaya.

Shirin ƙawata garin na 2018, wato Zinder Sabuwa, ya kawo kwalta da fitilu, amma galibi a manyan tituna. A Afrilun 2024 aka rushe majalisun ƙananan hukumomi aka naɗa kantomomi, nauyin hanyoyin yana nan a kansu. Abin da ya kamata kowace gunduma ta fara yi shi ne ta liƙa jerin titunan da ta karɓa a ƙofar ma'aikatarta, ta kuma faɗa wa sauran unguwanni matakin da za su bi a shigar da nasu.