Dokar Taƙaita Ginin Ofisoshi a San Faransisko

Dokar taƙaita ginin ofisoshi, wadda aka fi sani da Proposition M, doka ce da mazauna birnin San Faransisko na jihar Kalifoniya a Amurka suka kafa ta hanyar ƙuri'ar raba gardama a watan Nuwamba na 1986. Tana ƙayyade yawan ofisoshin da za a ba izinin ginawa a kowace shekara, don kada wuraren aiki su tsere wa gidajen kwana da hanyoyin sufuri.

Asali

Jirgin ƙasa na BART ya fara jigila a 1972, kuma zuwa 1974 yana ratsa ƙarƙashin teku daga birnin Okland ya sauke fasinja a titin Market, a cibiyar birnin. Ma'aikaci na iya kwana a tsallaken ruwa, gari ya waye yana bakin ofishinsa. Nan da nan dogayen benaye suka yi ta tashi a kewayen tashoshin, har masu adawa suka riƙa cewa ana neman mayar da garinsu Manhatan, yankin dogayen benaye na birnin New York. Kuɗin haya ya hau, jirage da motocin safa suka cika maƙil.

Tsarin haraji ya ƙara dagula lamarin. A 1978 jihar ta ƙayyade harajin kadara a kan kashi 1 cikin 100 na darajarta. Daga nan ƙananan hukumomi da yawa suka fi maraba da ofisoshi da kantuna, tunda ofis ba ya neman makarantar yara, gida kuwa yana nema. Tun wajen farkon shekarun 1980 birnin ya soma karɓar kuɗi daga masu gina ofisoshi domin gidaje da sufuri. A 1985 kuma aka fito da tsarin raya tsakiyar gari, amma 'yan fafutuka suka ce bai wadatar ba, suka kai maganar gaban masu zaɓe. An sha kayar da makamantan wannan ƙuduri kafin na 1986 ya tsallake da ƙyar.

Tanadin dokar

A asalin dokar, kason shekara murabba'in ƙafa 950,000 ne. Manyan gine-gine, masu murabba'in ƙafa 50,000 zuwa sama, suna da 875,000, sauran 75,000 na matsakaita ne. Abin da ba a taɓa ba a bana yakan tsallaka zuwa baɗi. Shi ya sa dokar kan yi shekaru kamar babu ita idan kasuwa ta mutu, sai harka ta buɗe a cinye tarin, masu gini su koma gasar neman izini.

Gyaran 2020

A ƙarshen 2018 birnin ya amince da tsarin raya unguwar Central SoMa, kusa da tashar jirgin ƙasa na Caltrain da sabon layin jirgin ƙarƙashin ƙasa. Tsarin ya tanadi guraben aiki sama da 30,000, gidaje kuwa ba su kai 9,000 ba. A watan Maris na 2020 masu zaɓe suka amince da Proposition E, wadda ke rage kason ofisoshi daidai da giɓin da birnin ya bari wajen samar da gidaje masu rangwame da jihar ta ɗora masa.

Saɓani

Magoya baya na cewa dokar ta kare unguwanni. Masu suka na cewa ta kora kamfanoni zuwa bayan gari inda sai da mota, kuma hana ofis ba ya gina gida ko ɗaya. A majalisar jiha, ƙudurorin Sanata Scott Wiener na ba da damar gina gidaje masu hawa kusa da tashoshi sun faɗi a 2018 da 2020, kafin a sa hannu a kan wani makamancin ƙudurin nasa mai suna SB 79 a watan Oktoba na 2025.

Bayan korona

Bayan annobar korona aiki daga gida ya yawaita, kuma zuwa 2023 sama da kashi 30 cikin 100 na ofisoshin birnin babu kowa a ciki.