Waiwaye: Yadda Mai Ciwon Daji Ya Koma Ɗan Aiken Kansa a Zariya

Duk sa'ad da aka taso da zancen masu ciwon daji a Zariya, muhawarar kan tsaya a kan tsadar magani da na'urar gashi, wato wadda ake ƙona ƙwayoyin cutar da ita. Gaskiya ne, amma ciwon ya girmi haka.

Tarihin farko sananne ne. An kafa Jami'ar Ahmadu Bello a 1962, asibitin koyarwarta ya biyo baya, yana aiki a Tudun Wada da Kaduna da Malumfashi. Manufar lafiya ta ƙasa ta 1988 kuma ta jaddada rabon aiki hawa uku: ƙananan asibitoci na ƙaramar hukuma, manya na jiha, na koyarwa na tarayya.

Abin da ba a cika waiwaya ba shi ne 2005, shekarar da asibitin koyarwa ya tare a Shika. Ci gaba ne, babu mai musu. Likitocin fiɗa da masu binciken tsoka sun haɗu wuri guda, marasa lafiya suka riƙa kwararowa daga Katsina, Zamfara, har Nijar. Sai dai ƙwarewa ta taru a gaba da Samaru, mai ƙulli a mama kuwa tana can Soba ko Giwa, ta fara da kemis, ta wuce asibitin unguwa, ta yi watanni ana ba ta maganin ƙurji. Gini ya haɗu, hanyar da za ta kai mutum cikinsa da wuri ba ta haɗu ba.

Shi ya sa kake ganin mai jinya riƙe da leda, ciki da kati uku na asibitoci uku, da hoton ƙirji da ya fara kwailewa, wani lokaci har da 'yar kwalbar tsokar da aka yanko, ya hau acaɓa ya kai gwaji da kansa. Takardar tura majinyaci zuwa babban asibiti takan tafi sama, amsa ba kasafai take saukowa ba. In aka sallamo majinyaciya, ma'aikaciyar da ke kusa da gidanta ba ta san me aka yi mata ba, balle ta wanke mata miki ko ta tuna mata ranar komawa. A ganina a nan muke rasa mutane, tun kafin maganar kuɗi.

A 2021 aka fara asusun tallafin masu sankarar mama da bakin mahaifa da ta prostate da ke ƙasan mafitsarar maza, Shika na cikin asibitoci shida na farko. Tallafin yana amfanar wanda ya iso aka tabbatar da cutarsa. Da yawa kuwa sai ta ci jiki suke isowa.