Ba Kowane Mutuwar Batir Ba Ne Laifin Batir

An daɗe ana ɗauka cewa idan batirin babur ya riƙa mutuwa, hon ya shaƙe, fitila ta dushe, maganinsa kawai a sayi sabo. Wasu kuma sukan ce a ɗaure fanbel, kamar yadda ake yi wa mota. Akasarin baburanmu, irin su Bajaj Boxer da Jincheng, ba su da wannan bel ɗin sam, domin maganaɗisun da ke juyawa tare da injin ne ke haifar da wuta a koyil, sannan rektifaya ta daidaita ta kafin ta shiga batir. Idan ɗayansu ya ƙone, ko waya ta yi tsatsa, sabon batirin ma zai mutu cikin 'yan kwanaki.

Mitar auna ƙarfin wuta ce ke raba gardama. Lafiyayyen batir yakan nuna kusan volt 12.6 idan injin yana kashe, ya haura zuwa tsakanin 13.5 da 14.5 idan an tayar da injin an murza totur.

Manyan babura irin BMW R1150 kuwa suna da bel, amma ɗaure shi tamau yana cinye boris ɗin altaneta, wato na'urar da bel ɗin ke juyawa don ta yi cajin batir, sakinsa kuma yana sa ya riƙa ƙara yana zamewa.