Ƙumbar lu'ulu'u ta koguna

Ƙumbar lu'ulu'u ta koguna, wadda masana ke kira Margaritifera margaritifera, halitta ce mai ɓawo biyu da ke zama a koramu masu sanyi da ruwa garau. Ana samun ta a Sikotilan, Ailan, Nowe, Suwidin, Finlan da arewa maso yammacin Rasha, da kuma gabashin Kanada da Amurka. Ba ta rayuwa a Nijeriya, amma danginta na nan a Kogin Neja da rassansa, kuma Sarkawan Yawuri da masuntan Argungu sun san ɓawonsu a bakin gulbi. Ƙungiyar kare halittu ta duniya, IUCN, ta sa ta cikin jerin halittun da ke fuskantar ƙarewa.

Tana daga cikin dabbobi mafi tsawon kwana, domin takan haura shekara 100. Takan kafe rabin jikinta cikin tsakuwa, ta buɗe ɓawo kaɗan tana zuƙar ruwa tana tace abinci. Babba ɗaya na iya tace lita 50 a yini.

Wahalarta tana wajen haihuwa. Uwa takan saki 'ya'ya miliyoyi, ƙanana kamar ƙura, kuma dole kowanne ya maƙale a sashen da kifi ke numfashi da shi, na kifin salmon ko tirawut, in ba haka ba ya mutu cikin 'yan kwanaki. Wanda ya dace yakan yi watanni a jikin kifin, sannan ya faɗo ya nutse cikin tsakuwa, ya yi kusan shekara 5 a ɓoye. A nan ne taɓo ke gamawa da shi. Idan laka ta toshe tsakanin tsakuwa, iska ba ta isa gare shi. Shi ya sa ake samun kogi cike da tsofaffin ƙumba, mai kallo ya ɗauka lafiya lau, alhali an yi shekaru ba a ga ƙarama ko ɗaya ba. Abin tausayi ne: gari ne na tsofaffi da babu kukan jariri a cikinsa.

Lakar tana fitowa daga noman da ake yi har bakin ruwa, da sare itatuwa, da shanun da ke tattake gaɓa. Takin zamani da ke gangarowa yana haddasa gansakuka, madatsun ruwa kuma suna tare wa kifi hanya. Masu neman lu'ulu'u ma sun yi ɓarna mai yawa, don a cikin ƙumbar ake samun sa, kuma sai an fasa ɗaruruwa kafin a dace da lu'ulu'u ɗaya mai daraja. A 1967 wani mai wannan sana'a, William Abernethy, ya samo shahararren lu'ulu'u a Kogin Tay na Sikotilan. Birtaniya ta haramta wannan sana'a gaba ɗaya a 1998, dokar Tarayyar Turai ta 1992 kan mazaunin halittu ma ta ba ƙumbar kariya. Yanzu ana rainon 'ya'yan a gidajen kiwo kafin a mayar da su kogi. A Kogin Lutter na Jamus kuwa, da aka hana yashi da laka shiga, ƙanana sun sake bayyana.

Yawancin danginta na Afirka ma da kifi 'ya'yansu suka dogara, don haka abin da ya taɓa kifi ya taɓa su. Madatsar Kainji da ta Bakolori sun sauya yadda ambaliya ke zuwa, wankin ƙasar zinare a Zamfara yana dagula koramu, ga kuma masu zuba maganin ƙwari na gamalin a ruwa don kama kifi. Kifi dai yana iya gudu ya canza wuri, ƙumba kuwa a inda ta kafe take shanye duk abin da ruwa ya kawo.