Layin tsayi a taswirar safiyo: iya ina za a yarda da shi?

Layin tsayi shi ne wannan layi mai lanƙwasa da ke bin duk wuraren da tsayinsu ya zo ɗaya a taswira. Inda layukan suka matsu, gangare ne mai tsanani. Inda suka ware, fili ne shimfiɗaɗɗe.

Sai dai safiyo, wato mai awon ƙasa, ba ya bin layin da ƙafa yana aunawa. Wurare yake zaɓa nan da can ya ɗauki tsayinsu, sannan shi ko kwamfuta su ƙiyasta inda layin zai ratsa tsakaninsu. Ramin da ya faɗa tsakanin awo biyu, taswira ba ta san da zamansa ba.

Shi ya sa ake sa wa kuskuren layin iyaka. Ƙa'idar da Amurka ta tsayar a 1947 ta ce kashi 90 cikin 100 na wuraren da aka gwada kada kuskurensu ya wuce rabin tazarar tsayi da ke tsakanin layi da layi. Idan tazarar mita 1 ce, an yafe rabin mita. A kan dutse wannan ba komai ba ne. Amma a fili irin fadamar Haɗeja, a ce ƙasa na sauka mita 1 a cikin mita 100, rabin mitan nan zai iya gusar da layin har mita 50 daga inda ya kamata. Fuloti guda ke nan da ɗoriya, kuma ruwan damina ba ruwansa da abin da aka zana. Tsofaffin taswirorin Nijeriya masu ma'aunin 1:50,000 kuwa (wato santimita 1 a taswira na nufin mita 500 a ƙasa), da yawansu tazarar ƙafa 50 ce, wajen mita 15. Sun isa a gane tudu da kwari, ba su isa a yanke zurfin magudana ba.

Gargaɗin da ake rubutawa da ƙananan haruffa a gefen taswira, wanda mutane ke tsallakewa, shi ne ya fi cancantar karatu. Nan ake faɗin ranar awo, da madogarar da aka auno tsayi daga gare ta, da cewa layin da aka zana tsinke-tsinke ƙiyasi ne, galibi don bishiyoyi sun rufe ƙasa. Wasu na ganin safiyo na wanke kansa ne kawai. Akwai wannan, amma ranar awo kaɗai ta isa hujja: idan tifofi sun zuba ciko ko zaizaya ta ci wurin bayan nan, layukan sun tashi aiki. Mai shirin kwalbati ko harsashin gini sai ya nemi a sake ɗaukar tsayi a daidai inda za a haƙa.